Zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan gwajin Widal

'Yar'uwa, kin ce ɗanki a Gadarif ta ƙasar Sudan ya yi mako uku yana zazzaɓi, an yi masa gwajin Widal aka ce taifod ne, ya sha magani amma jikin bai yi sauƙi ba. Allah ya ba shi lafiya.

Gwajin Widal tsoho ne, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma martanin garkuwar jiki yake aunawa, ba ya gano ƙwayar cutar kanta. Shi ya sa yakan nuna taifod ga wanda ya taɓa yin ciwon a baya, har ma ga mai maleriya. Abin da ke tabbatarwa shi ne a reni ƙwayar daga jini a ɗakin gwaje-gwaje, kuma an fi so a ɗebi jinin kafin a fara magani, domin magungunan da ake saye a kanti ba da umarnin likita ba sukan ɓoye cutar.

Ni dai yankinku ne ya fi damuna. Gadarif ta yi ƙaurin suna da cutar kala-azar, wadda zazzaɓinta kan haura mako biyu tare da rama da kumburin saifa, kuma tana kisa idan aka bar ta. Ki kai shi asibiti da gaggawa, likita ya duba saifarsa, a yi masa gwajin rK39 (gwajin jini na gano kala-azar) da na maleriya. Ki tafi da sakamakon baya da kwalayen magungunan da ya sha.