Koya wa jariri alamun hannu na jawo nauyin baki?

Tambaya: Ɗiyata watanta bakwai. Na ga ana koya wa jarirai alamun hannu don su nemi nono ko ruwa kafin bakinsu ya buɗe. Ina son in gwada, amma surukata ta ce yarinyar za ta yi nauyin baki. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar wa Mama da hankali, alamun hannu ba sa hana yaro magana. Dama hannu kan riga baki. Tsakanin wata 9 da 12 yaro yake miƙo hannu a ɗauke shi, ya nuna abu da yatsa, alhali kalmar farko sai wajen shekara guda take fitowa. A 1991 wata mai bincike, Laura-Ann Petitto, ta nuna cewa jarirai kurame da suka taso cikin maganar hannu suna gwaranci da yatsunsu, kamar yadda mai ji yake "ba-ba-ba".

Sai dai kada masu talla su sa ki ɗauka ɗiyarki za ta fi sa'o'inta kaifin baki. Linda Acredolo da Susan Goodwyn, waɗanda suka yayata abin a Amurka, sun ba da rahoton ɗan fifiko a 2000. Amma a 2013 masu bincike a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila sun bi jarirai 40, ba su ga bambanci a magana ba. Abin da suka gani shi ne, iyaye matan da suka yi amfani da alamun sun fi lura da motsin 'ya'yansu. A ganina nan ribar take: uwa ta fara kallon hannun ɗiyarta maimakon ta jira kuka.

Ki fara da alama uku ko huɗu. Ta nono, ki buɗe tafinki ki dunƙule kamar mai tatsa. Ta "ƙari", ki tattara yatsun kowane hannu ki haɗa kawunansu. Ki yi alamar daidai lokacin da abin ke gabanta, tana kallon fuskarki, kina faɗin kalmar da baki. Faɗin nan kada ki taɓa barinsa. Za a iya ɗaukar makonni, ko wata biyu ma, kafin ta mayar miki, kuma tata za ta zo a karkace, wataƙila tafi kawai za ta yi a madadin "ƙari". Ki karɓa haka. Kar kuma ki riƙe mata nono wai sai ta yi alama.

Idan kuwa ba ta waiwayo in an kira ta, ko ta kusa shekara babu gwaranci, a je a auna jinta ba tare da ɓata lokaci ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, shi ya sa ake makara. Irin wannan yaron 'yan alamu huɗu ba sa isarsa, cikakkiyar maganar hannu yake bukata tun yana ƙarami, kuma a wurin kurame ake koyonta.