Tambaya da Amsa: Gadon Ƙwayoyin Halitta, Sinadarin Seleniyam da Ciwon Daji

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya rasu sakamakon ciwon daji na furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), ni kuma yanzu shekaruna 46. Na karanta cewa akwai mutanen da suka gaji wani bambanci a ƙwayoyin gadonsu wanda yake hana jikinsu amfana da sinadarin seleniyam (wanda jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga abinci) yadda ya kamata, kuma hakan yana ƙara musu haɗarin kamuwa. Shin in je a gwada ni, ko kuwa in fara shan ƙwayoyin seleniyam kawai domin rigakafi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Abin da ka karanta yana da tushe, amma bai kai ƙarfin da za a gina shawarar shan magani a kansa ba.

Jikin ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado 25 da suke sarrafa furotin masu ɗauke da seleniyam. Daga cikinsu akwai GPX1, wanda aikinsa shi ne kawar da wasu gurɓatattun sinadarai da kan lalata DNA, da kuma SELENOP, wanda hanta take samarwa domin ya kai seleniyam zuwa sauran sassan jiki ta cikin jini. Mutane sun bambanta a rubutun waɗannan ƙwayoyin gado, wani lokaci da harafi ɗaya tak. Wanda aka fi bincika shi ne sauyin da ke kan GPX1 a gurbi na 198, inda wani tubalin furotin yake maye gurbin wani, kuma an danganta shi da ciwon daji na mafitsara da na huhu da na mama a wasu bincike. Sai dai wasu binciken da aka yi a kan wasu al'ummomi ba su ga wannan alaƙa ba, kuma ko inda aka gan ta, ƙarin haɗarin ƙarami ne. Miliyoyin mutane suna ɗauke da wannan sauyi har su tsufa ba tare da sun kamu da komai ba, shi ya sa likitoci ba sa amfani da gwajinsa wajen yanke wa mutum hukunci.

Batun shan ƙwayoyin ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne aka taɓa ɗora babban fata. A shekarar 1996 aka wallafa sakamakon wani gwaji a Amurka wanda ya ƙunshi mutum 1,312 da suka taɓa yin ciwon daji na fata, aka ba wasunsu maikirogiram 200 na seleniyam kullum. Bai hana ciwon fatar dawowa ba, amma an lura cewa ciwon furostet ya ragu a tsakanin masu shan. Wannan ne ya sa aka shirya gwajin SELECT a 2001, da maza sama da 35,000 a Amurka da Kanada da Puerto Rico. An dakatar da ba su ƙwayoyin a 2008 saboda ba a ga wata kariya ba. Abin da ya fi tayar da hankali ya fito ne a 2014, lokacin da aka auna seleniyam ɗin da ke cikin farcen ƙafar mahalartan: waɗanda tun farko suke da shi da yawa a jiki, sannan suka ƙara da ƙwaya, haɗarin kamuwarsu da nau'in ciwon furostet mai tsanani ya ƙaru da kashi 91 cikin ɗari.

A ganina darasin a bayyane yake. Da zarar waɗannan furotin sun sami abin da ya ishe su, ƙari ba ya sa su yi aiki fiye da haka. Baligi yana buƙatar kimanin maikirogiram 55 ne a rana, wanda yawanci abinci yake wadatarwa, in ban da yankunan da ƙasar nomansu take da ƙarancin sinadarin, kamar Keshan a ƙasar Sin, ko Finland wadda ta fara zuba shi a cikin takin zamani tun 1984. Yawansa kuma yana kawo zubewar gashi da karyewar farce da warin baki mai kama da na tafarnuwa.

Abin da ya fi kowane gwajin GPX1 nauyi a lamarinka shi ne tarihin gidanku, domin namijin da mahaifinsa ya yi wannan ciwo haɗarinsa yakan kai kusan ninki biyu na sauran maza. Ka ga likita, ka gaya masa shekarun da mahaifinka yake da su lokacin da aka gano ciwon, da kuma ko akwai masu ciwon daji na mama ko na ƙwan mace a danginku, saboda sauyi a wata ƙwayar gado mai suna BRCA2 yana iya haɗa su duka. Daga nan ku tattauna lokacin da ya dace ka fara gwajin jini na PSA, wanda ake yi domin neman alamar ciwon furostet.