Amsa: Yaya ake hasashen yawan mahaukaciyar guguwa tun kafin lokacinta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hasashen nan cinta ce kawai. A'a, akwai abin da ake aunawa.

A Tekun Atlantika, lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma shekara matsakaiciya kan zo da guguwa 14 masu suna (wato waɗanda ƙarfinsu ya kai a raɗa musu suna), 7 su riƙa su zama mahaukata. Masana kan fara duba ɗumin ruwan teku, domin shi ne abincin guguwa. Sai ya kai wajen digiri 26 a ma'aunin Celsius take samun ƙarfi. Sannan su leƙa Tekun Fasifik. Idan El Nino, wato ɗumamar ruwan wannan teku fiye da yadda aka saba, ya kankama, iskar sama kan yayyaga guguwar tun tana jaririya. La Nina kuwa, wato sanyayar ruwan, buɗe mata hanya take yi, kamar a 2020 da aka ƙirga 30. Ƙarfin damina a Afirka ta Yamma da ƙurar Sahara ma suna cikin lissafi.

Abin da ke damuna shi ne masu sakin jiki idan an ce bana da sauƙi. Hasashen adadi yake faɗa, ba inda za ta sauka ba. A 1992 guguwar ba ta da yawa, amma wadda ake kira Andrew ita kaɗai ta ragargaza kudancin jihar Filorida a Amurka.