Zango, na'ura da janareta mai inbata: amsoshin wannan mako

Wasiƙar farko daga Amurka ta zo, daga wani ɗalibi ɗan Katsina. Ya ce: "Malam, abokan karatuna sun tafi da ni daji mun kwana uku a tanti don shan iska kawai. Sun zo da wani ɗan janareta kamar akwati, da ƙyar ake jin ƙararsa, suna ce masa mai inbata. Me zan kira wannan fita da Hausa, kuma me zan kira injin?"

Ɗana, fitar da kuka yi ba ta buƙatar aron kalma: zango kuka yada. Zango shi ne inda ayarin fatake ke sauke kaya idan rana ta yi, madugu ya ba da izini, a kwance wa jakuna mangala, a hura wuta, a kwana. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da wannan kalma suka tafi, shi ya sa har yau unguwannin baƙi a Kumasi da Ankara na ƙasar Gana sunansu Zango. Tazarar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma zango ce, daga nan muka samu zangon karatu. Abin da ke damuna shi ne masu fassara da suka maƙale wa "sansani", duk inda suka ga tanti sai su liƙa masa ita. Sansani na mayaƙa ne, yanzu kuma har da na 'yan gudun hijira da na alhazai. Wanda ya je daji da iyalinsa gasa nama ba sansani ya kafa ba. Ka ce kun yada zango a daji don shaƙatawa, kowa zai gane.

Injin kuwa, "janareta mai inbata" ya wadatar, amma fa a san abin da ake faɗa. Kafin in amsa maka sai da na je rumfar wani mai gyaran janareta ya buɗe mini guda. A ciki akwai ƙaramin injin fetur, da wani faifai mai maganaɗisu jere a bakinsa yana zagaye kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, sai wani allon lantarki da aka daskarar cikin baƙin ƙaro don kada ruwa ko girgiza su taɓa shi. Wannan allon shi ne inbata.

Wutar gida mai kai-kawo ce, tana kai ta komo sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar, sau 60 a Amurka inda kake. Janaretan da muka saba da shi kai tsaye yake ba da wutar da kwayil ya haifar, don haka dole injinsa ya tsaya a kan zagaye 3,000 a minti idan ana son sau 50, ko 3,600 idan sau 60 ne, ko da waya ɗaya ake caji. Ka jona dutsen guga, injin ya yi nishi, ƙwan fitila ya dushe sannan ya dawo. Mai inbata hawa uku yake bi. Kwayil ya fitar da ɗanyar wuta mai kai-kawo, ba ruwansa da ƙidaya. A miƙar da ita ta zama mai bin hanya ɗaya irin ta batir. Sannan allon ya sake juya ta zuwa mai kai-kawo, wannan karon a auna, sumul, ba tsalle. Juyawar nan ta ƙarshe ita ce ma'anar kalmar a Ingilishi, mai juyawa. Shi ya sa kwamfuta da waya ba sa wahala da wutarsa. Tun da allo ne ke riƙe da ƙidayar, injin ya samu sararin rage gudu idan kaya kaɗan ne, ya ƙara idan sun yi yawa. Nan ne asirin ƙarancin shan mai da ƙarancin ƙara, sai kuma rufaffen akwatin da ke danne sauran. Kamfanin Honda na Japan ya fito da irin waɗannan ƙanana a 1998, kuma samfurinsa EU2200i mai wat 2,200 nauyinsa kusan kilo 21 ne, mutum ɗaya ya ɗauka da hannu. Abokanka ba don ado suka saye shi ba: a gandayen dajin gwamnatin tarayyar Amurka akwai dokar da ta hana ƙarar inji ta wuce desibel 60, a ma'aunin ƙara, daga nisan kamar mita 15.

Wata baiwar Allah daga Kano ta ce maigidanta ya sa musu inbata ta sola, shin ita ce wannan? A'a, 'yar'uwa. Aikin juyawar ɗaya ne, amma taku daga batir take ɗebo wuta, ba ta da inji, ba ta shan fetur. Wancan injin fetur ne da inbata a cikinsa. Duk wanda ya taƙaita ya ce "na sayi inbata" alhali janareta ya saya, ya ruɗa mai sauraro.

Wani malamin makaranta daga Zariya ya tambaya: "Inji da na'ura, ɗaya ne?"

Malam, ka taɓo inda nake so. Inji daga Ingilishi muka aro. Na'ura daga Larabci take, kuma asalinta abin sha'awa ne: a can na'ura ita ce ƙatuwar ƙafar katako da ruwan kogi ke juyawa, tana ɗebo ruwa da ƙananan akwatuna a jikinta, ta kai sama ta zuba a magudana zuwa gonaki. A birnin Hama na ƙasar Siriya, a bakin kogin Asi, har yanzu akwai irinsu masu ɗaruruwan shekaru, an san su da wani kuka mai tsawo da katakon ke yi idan yana juyawa. Wato tun asali na'ura aba ce mai juyawa tana yi wa mutum aiki. Bahaushe ya karɓe ta ya faɗaɗa, har ta kai ga na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ba a ganin juyawarta. A kunnena, inji shi ne mai ƙarfi da motsi, mai shan mai ko wuta: injin niƙa, injin ban ruwa, injin mota. Na'ura ta fi karkata ga abu mai dabara da lissafi. Janaretan da muke magana a kai misali ne mai kyau, domin inji ne da na'ura a ciki guda: injin ya samar da ƙarfi, na'urar ta daidaita shi. Abin da ba na so shi ne a mayar da "na'ura" kwandon zuba duk abin da aka rasa sunansa. Kana sauraron labarai sai ka ji na'urar kaza, na'urar kaza, har abin da yake da suna tun tuni, irin su ma'auni da famfo.

"Janareta ko janareto?" Duka ana faɗa, kada ka gyara wa kowa. A Nijar za ka ji "gurup", daga Faransanci.

Wani dattijo daga Gusau ya ce jikansa ya karanta "daidai ruwa daidai tsaki" ya ɗauka tsakin ɓacin rai ake nufi. Baba, a gaya masa tsakin hatsi ne, ɓarzajjen da bai kai gari laushi ba. Mai girki tana auna tsakin da za ta zuba da yawan ruwan tukunya. Ma'anar ita ce a yi abu gwargwadon hali ko gwargwadon buƙata. Da za a ce in bayyana wa yaro janareta mai inbata da karin magana ɗaya, wannan zan ɗauka, domin gwargwadon kayan da aka jona masa yake shan mai. Yaranmu sun fara rasa irin waɗannan kalmomi saboda ba sa ganin turmi da rariya a gida, kuma mu ne ya kamata mu nuna musu.

Tambaya ta ƙarshe daga Maraɗi: "Me ake nufi da kisan mummuƙe?" Shi ne a cutar da mutum a hankali, cikin shiru, ba tare da ya farga ba, ba kuma alamar da za a nuna. Na ajiye ta a ƙarshe ne saboda ɗalibinmu na Amurka. Muna cewa "hayaƙin janareta ya kashe mutane", kuma kalmar hayaƙi tana sa a zaci abu ne da ake gani ko ake jin warinsa. Abin da ke kisan iska ce da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma ya zarce. Mai inbata ma yana fitar da ita, kuma shirunsa na iya sa a kusanto da shi bakin tanti ko a shigar da shi soro don gudun ɓarayi. Ɗana, a bar shi a fili, aƙalla mita 6 daga inda ake kwana, salansar na kallon nesa da ku, ko da ruwan sama ake yi.