Mai sojornon Italiya zai iya zuwa bikin suna a Jamus ba tare da biza ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata uku a Italiya, fasfo ɗina na Najeriya ne, kuma ina da sojornon aiki, wato katin izinin zama na Italiya, da zai ƙare a watan Oktoba. Matar ƙanena da ke Hambug a Jamus ta kusa sauka, ina so in je suna a watan Agusta, daga can in wuce Landan in gaida yayata. Ana ce mini mai sojorno ba ruwansa da biza a duk faɗin Turai, har ma in na ga dama zan iya tsayawa Jamus in yi aikin wata biyu. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sauke ta lafiya. Abin da aka gaya maka gaskiya ce da aka cakuɗa da kuskure, kuma kuskuren na iya ja maka asarar takardar da ka sha wuya kafin ka samu.

Zuwa Hambug ba ka buƙatar biza. Italiya da Jamus duk suna cikin yankin Shengen, mai ƙasashe 29, kuma duk wanda ke riƙe da izinin zama na ɗayansu yana iya ziyartar sauran na kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Lissafin ba ya bin Janairu zuwa Disamba. A kowace rana ana waiwayar kwana 180 da suka wuce a ƙirga nawa ka yi a wajen Italiya cikin yankin, ranar shiga da ranar fita duk a ciki. Tunda ba a buga hatimi a tsakanin waɗannan ƙasashe, ajiye tikitinka na zuwa da na dawowa, su ne shaidarka.

Abu biyu za ka riƙe a jikinka, kada ka sa su a jakar da ke ƙarƙashin bas: fasfo mai rai da ainihin katin sojorno da bai ƙare ba. Hoto a waya ba ya wadatarwa. A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe, domin da yawa suna ɗaukar katin shaida da ƙaramar hukuma ke bayarwa su bar fasfo a gida. Duba naka da kyau, na baƙi an rubuta a jikinsa cewa ba a fita ƙasa da shi. Kada kuma ka yarda da zancen cewa ba a bincike a iyaka. Tun 16 ga Satumba 2024 Jamus ta mayar da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, kuma ta ɓangaren Ostiriya dama tun 2015 ake yi. 'Yan sanda na hawa bas da jirgin ƙasa su bi kujera kujera. In sun tambaye ka inda za ka, ya zama kana da adireshin ƙanenka da lambarsa da tikitin komawa. Tafi da katin lafiyarka ma, bayansa shi ne katin inshorar lafiya na Turai, asibitocin gwamnati a Jamus suna karɓarsa idan lalura ta taso.

Landan kuwa wata magana ce daban. Birtaniya ba ta taɓa shiga Shengen ba, kuma ta bar Tarayyar Turai a 2020. Fasfonka suke dubawa, sojornon Italiya bai dame su ba, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai da biza. Izinin intanet da ake kira ETA na 'yan ƙasashen da tun asali ba sa buƙatar biza ne, kai ba ka ciki. Ana neman bizar ziyara ta intanet tun wata uku kafin tafiya, a je cibiyar biza a ɗauki hoton yatsu, amsa kan fito cikin kamar mako uku. Za su so ganin takardun albashi da bayanan banki da wasiƙar gayyata daga yayarka. Idan ba ka same ta ba, tun a filin jirgi kamfanin zai hana ka hawa, kuɗin tikiti ya tafi. Haka Ayalan take, tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin Shengen.

Batun aikin wata biyu, ina roƙonka ka cire shi daga ranka. Izinin aikin da ke kan sojornonka a Italiya ya tsaya. A Jamus jami'an kwastam ne ke farautar aikin bayan fage, suna dira wuraren gini da gidajen abinci ba sanarwa. Wanda aka kama ana iya cin tararsa, a umarce shi ya fita, har a hana shi sake shigowa, kuma bayanin na shiga rumbun da duk ƙasashen Shengen ke gani, har da kwestura, ofishin 'yan sandan Italiya da zai sabunta maka takarda. Ko masu sojornon dogon zama, wanda ake samu bayan shekara biyar, sai sun nemi izinin Jamus kafin su fara aiki a can.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne Oktoba. Doka ta ce a nemi sabuntawa kwana 60 kafin wa'adi ya cika, wato daidai Agustan da kake son tafiya. Cike fom ɗin ka kai gidan waya kafin ka tashi. Kwafin kati ake sakawa a ambulan, ainihin katin yana hannunka, kuma da shi za ka yi tafiya har ranar da aka rubuta a jikinsa. Da zarar ranar ta wuce, rasit ɗin gidan waya da ake kira richevuta ba ya maye gurbinsa a Jamus ko Faransa. A bisa ƙa'ida yana ba ka damar zuwa gida ka dawo Italiya ne kawai, ba tare da yada zango a wata ƙasar Shengen ba. Saboda haka ko haihuwar ta jinkirta, ko 'yan'uwa sun matsa ka ƙara kwana, ka tabbata ka koma Italiya da sauran aƙalla mako biyu a kan katin, kuma ka duba ranar da kwestura ta ba ka ta ɗaukar hoton yatsu kada ta faɗo kana Hambug.