Me zan gaya wa ɗalibaina game da Kolumbus?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata. Na daɗe ina koyar da cewa Kiristofa Kolumbus jarumi ne da ya gano Amurka, ya kuma tabbatar wa mutanen zamaninsa cewa duniya mulmulalliya ce. Kwanan nan wata ɗaliba ta nuna mini bidiyon yadda aka tumɓuke mutum-mutuminsa a Amurka, wata kuma ta ce ta karanta a Facebook cewa wani sarkin Mali ya riga shi zuwa can. Na rasa abin cewa, kuma ina tsoron kada a ce ƙarya nake dasa wa 'ya'yan mutane.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Damuwarki tana bisa hanya, domin a cikin abin da kike koyarwa akwai gaskiya, akwai kuma ƙagen da ya kamata a daina maimaita shi. Gaskiyar ita ce mutumin gwani ne a harkar teku. Ya goge a jiragen Fotugal, har ya zo gaɓar Elmina da ke Ghana ta yau, ya kuma fahimci cewa daga tsibiran Kanari, da ke kusa da gaɓar arewa maso yammacin Afirka, iska yamma take kaɗawa, idan kuma za a komo sai a haura arewa a hau wata iskar. Da wannan sanin ya bar tashar jiragen ruwa ta Palos a Sifaniya ranar 3 ga Agustan 1492, ya taka wani tsibirin Bahamas ranar 12 ga Oktoba, ya kuma sake ƙetare tekun sau uku kafin mutuwarsa a 1506.

Ƙagen shi ne maganar siffar duniya, kuma babu makon da zai wuce ban ji ta daga bakin mai ilimi ba. A fadojin Fotugal da Sifaniya babu masanin da ya yi gardama da Kolumbus a kan cewa duniya mulmulalliya ce. Wannan tsohon zance ne tun zamanin Girkawa, kuma Iratostinis ya ƙiyasta kewayenta a Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wajen shekarar 830 Halifa al-Ma'amun ya tura masana suka auna tsawon daraja ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 360, na kewayen ƙasa, aka samu mil 56 da sulusi biyu, masanin taurari al-Farghani kuma ya rubuta adadin a littafinsa da aka mayar Latin. Abin da aka yi gardama a kai shi ne nisa, domin shirin Kolumbus shi ne ya isa Asiya ta hanyar bin teku zuwa yamma. Kolumbus ya ɗauki adadin al-Farghani, amma ya lissafa shi da mil ɗin Rumawa mai kimanin mita 1,480, alhali mil ɗin Larabawa ya kai wajen kilomita 2, da haka ya rage girman duniya da kusan rubu'i. Ya kuma miƙa nahiyar Asiya gabas fiye da inda ta tsaya, sai lissafinsa ya nuna masa cewa daga Kanari zuwa Japan kimanin kilomita 4,400 ne, alhali tazarar ta haura kilomita 19,000. Masanan Sarki Juwawu na Biyu na Fotugal sun yi watsi da shirin, kwamitin da Hernando de Talavera ya jagoranta a Sifaniya ma haka, domin babu jirgin zamanin da zai ɗauki ruwan sha da guzurin irin wannan tafiya. Su ne suke da gaskiya. Ba don akwai ƙasar da bai san da ita ba a tsakani, da shi da mutanensa wajen 90 ƙishirwa ce za ta kashe su a kan ruwa.

Shi kansa bai taɓa amsa cewa ba gefen Asiya ya isa ba. A tafiyar farko ya tafi da tafinta mai jin Larabci, Luis de Torres, yana sa ran yin magana da fadar Sin. A watan Yunin 1494 ya sa ma'aikatansa suka rantse a gaban marubucin shari'a cewa Kyuba ba tsibiri ba ce, ɓangaren babbar nahiya ce, aka kuma gindaya tara da yanke harshe ga wanda ya janye maganar. Labarin cewa ya tsaya gaban jahilan malamai masu tsoron faɗawa ramin ƙarshen duniya ya yaɗu ne bayan tarihinsa da marubucin Amurka Washington Irving ya wallafa a 1828, fiye da shekara 300 bayan mutuwarsa.

Na tsananta a kan wannan ne saboda illarsa ba a ɗakin jarrabawa take tsayawa ba. Yaron da aka koya wa cewa masana duka sun ɓata, mutum ɗaya mai taurin kai ne ya yi daidai, shi ne gobe zai saurari mai tallar maganin da ba a gwada ba yana cewa ai haka aka yi wa Kolumbus dariya. Na sha jin wannan hujjar daga masu da'awar warkar da kowace cuta da kwalba ɗaya, da masu shirya bidiyon tarihi ba tare da sun buɗe littafi ba. Abin baƙin ciki kuma, littattafan makaranta suna kwafar juna, masu duba manhaja suna buga hatimi, kuskuren yana wucewa daga bugu zuwa bugu ba mai tambayar asalinsa.

Masu tumɓuke mutum-mutumin kuwa, kamar yadda aka yi a biranen Amurka da dama a 2020, suna da abin kamawa, kuma daga rubuce-rubucen Sifaniyawa kansu aka samo shi. A 1493 Kolumbus ya koma da jirage 17 da mutum wajen 1,200 don mallakar tsibirin Hispaniyola, inda Haiti da Jamhuriyar Dominika suke yau. A 1495 ya loda 'yan asalin tsibirin, wato 'yan ƙabilar Taino, kimanin 500 zuwa Sifaniya don a sayar, wajen 200 suka mutu a hanya. Ya ɗora wa duk wanda ya kai shekara 14 harajin cika 'yar ƙararrawa, irin wadda ake ɗaura wa shaho a ƙafa, da garin zinariya duk wata uku, a yankunan da zinariyar ba ta taka kara ta karya ba. Mutane suka bar gonaki suka gudu duwatsu, yunwa ta bi su. A 1500 sarakunan Sifaniya da suka naɗa shi suka aiko Francisco de Bobadilla, ya kama shi ya mayar da shi gida cikin mari. Ƙidayar 1514 ba ta samu ko mutum 30,000 daga Taino ba, sannan agana ta shigo a 1518, kuma a shekarar ce aka ba da izinin kai bayi 4,000 daga Afirka. Cututtuka da gwamnonin da suka biyo bayansa suna da kaso mai yawa a wannan halaka, amma bautarwa da harajin dole shi ya fara su a can.

Batun Mali ba ƙirƙirar Facebook ba ne. Masanin tarihi al-Umari ya ruwaito abin da sarkin Mali Mansa Musa ya faɗa a Alƙahira a 1324, cewa sarkin da ya gabace shi ya tura jirage 200 cikin tekun yamma, ɗaya ya dawo, sannan ya tafi da kansa da 2,000 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ruwayar tafiya ta nuna, ba ta nuna isa ba, kuma ba a tono wani abu a Amurka da ya tabbatar da isar ba. Waɗanda aka tabbatar sun riga shi daga Turai su ne mutanen Sikandinebiya, da aka tono mazauninsu na wajen shekarar 1000 a Newfoundland ta Kanada, kuma su ma mutane suka tarar a ƙasarsu.

Shawarata ita ce ki shiga aji da ƙwallon taswirar duniya da zare. Ki sa ɗaliba ta auna daga Kanari zuwa Bahamas, wata ta ci gaba da zaren har Japan, su gwada da lissafin Kolumbus, sannan ki karanta musu labarin harajin ƙararrawa. Idan tambayar jarrabawa ta nemi shekara da sunayen jirage, su rubuta 1492 da Santa Mariya da Pinta da Ninya, domin waɗannan daidai suke.