Tambaya da Amsa: Shin menfirem ta dace da ƙaramin kamfanin manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke da ƙaramin kamfanin rubuta manhajar lissafin kuɗi, kuma muna hayar sabar a gajimare, wato kwamfutocin wani kamfani da muke amfani da su ta intanet. Wani abokin ciniki ya ce manyan bankuna ba za su saurare mu ba sai manhajarmu ta iya aiki a kan menfirem. Shin waɗannan gagga-gaggan kwamfutoci sun dace da tsarin gajimare, kuma irinmu na iya shiga? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ta fuskar fasaha babu abin da ya hana, domin raba kwamfuta ɗaya ga masu amfani da yawa, wanda shi ne ginshiƙin gajimare, a kan menfirem ya yi tashe tun da daɗewa. Kamfanin IBM ya fitar da menfirem ɗinsa System/360 a 1964, kuma a 1972 tsarinsa na VM/370 yana raba na'ura guda zuwa na'urori da dama, shekara 34 kafin Amazon ya fara ba da hayar sabar a 2006.

Inda gizo ke saƙar shi ne lasisi da kuɗi. A gajimaren da kuka saba, kuna biyan abin da kuka ci a awa, ku kashe sabar in kun gama. Shi kuwa z/OS, tsarin tafiyar da menfirem da bankuna masu ita suka fi dogara da shi, mallakar IBM ne, kuma farashinsa ya daɗe yana bin yawan ƙarfin da na'ura ta yi amfani da shi a wata. Akwai manhajar Hercules ta kyauta mai kwaikwayon menfirem a kwamfutar gida, amma lasisin z/OS bai halatta ɗora shi a kanta ba.

Sannan akwai ƙananan abubuwa masu cin lokaci. z/OS yana rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, inda lambar harafin A take 193, alhali a kwamfutarku 65 ce, kuma a EBCDIC haruffa ne ke gaba da alƙaluma wajen jerawa, saɓanin kwamfutarku. Jerin asusun da kuka tabbatar daidai yake sai ya fito a birkice.

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta wanda yake aiki a kan menfirem sama da shekara 20, har IBM ya ware masa na'urorin LinuxONE a 2015. In da harshen Java ko Python kuka rubuta manhajarku, yawanci gyaran ba shi da yawa, sai dai gwajin ya zama na gaske.

A ganina, kada ku kashe ko kwabo tukuna. Ku nemi abokin cinikin ya faɗi sunan bankin da tsarin da yake kai, domin bankuna da yawa ba su da menfirem, kuma masu ita galibi suna barin manhajar waje ta zauna a sabar dabam tana musayar bayanai da ita. In bankin ya dage a kan z/OS, a rubuta cikin yarjejeniya cewa shi zai samar muku da wurin gwaji.